Masauki ko Maƙera: Tambayar Ƴanci a Wasannin Na'ura

A cikin gardandamin da matasan duniya suka daɗe suna tafkawa, akwai wata wadda dattijo zai ji ya yi murmushi ya wuce, domin a ganinsa zancen yara ne: shin wanne ya fi, yin wasa a kwamfuta, ko yin sa a akwatin wasa irin su PlayStation, Xbox da Nintendo? Masu akwati suna cewa nasu ya fi sauƙi: a jona shi da talabijin, a ɗauki linzami, a fara. Masu kwamfuta kuwa suna cewa nasu ya fi ƴanci, domin mutum yana iya buɗe cikin wasan ya sauya masa fasali, ya ƙara abin da babu, ya cire abin da bai so. Wannan aiki za a iya kiran sa kwaskwarima, ko da yake sau da yawa yakan wuce shafe da fenti, ya kai ga rushewa da sake gini. Wanda ya saurari ɓangarorin biyu da kunnen basira zai ji wata tsohuwar tambaya tana motsi a ƙarƙashin hayaniyar: abin da mutum ya saya da guminsa, nasa ne har ya iya farke shi ya sake ɗinkawa, ko kuwa izinin amfani kawai aka ba shi? Idan kuma an karɓe masa wannan iko aka ba shi hutu a madadinsa, cinikin riba ya yi ko faɗuwa?

Adalci ya sa a fara da akwatin, domin shi aka fi yi wa ƙazafi. Kwadon da ke jikinsa ba daga mugunta ya samo asali ba, ruwa ba ya tsami banza. A farkon shekarun 1980, kasuwar wasanni a Amurka ta zama tamkar kasuwar da ba ta da sarki. Kowane kamfani yana iya buga kaset don na'urar Atari 2600 ya kai shago, ba mai duba ingancinsa. Kasuwa ta cika da tarkace, masu saye suka gaji da asarar kuɗinsu, a 1983 ciniki ya rushe. A shekarar nan ne kamfanin Atari da kansa ya haƙa rami a garin Alamogordo na jihar New Mexico ya binne kasa-kasan da suka yi kwantai, har sai a 2014 aka tono wasu daga ciki. Lokacin da kamfanin Nintendo na Japan ya shiga Amurka da akwatinsa a 1985, ya zo da darasin a hannu. Ya dasa wani ɗan kwado na lantarki a cikin na'urar, wanda ba ya barin kowane kaset ya yi aiki sai mai ɗauke da makullinsa. Ya ce shi kaɗai zai ƙera kasa-kasan, ya ƙayyade wa kowane kamfani wasa biyar a shekara, ya kuma buga hatiminsa a jikin kwali. Mai saye ya dawo kasuwa, domin yanzu akwai wanda ya tsaya masa.

Wannan alkawari shi ne ran akwatin wasa har gobe, kuma ba ƙaramin alkawari ba ne. Magidancin da ya yini yana aiki ya dawo gida da sauran sa'a guda ta hutu, ba ya bukatar na'urar da za ta tambaye shi wane irin katin hoto ke cikinta, ko me ya sa wannan gyara ya ƙi jituwa da wancan. Yana so ya zauna da ƴaƴansa su buga ƙwallo. Uwar da ba ta san kan na'ura ba tana samun kwanciyar hankali idan ta san abin da ke cikin faifai shi ne abin da aka rubuta a bayansa. Masu gasa kuma suna da tasu hujjar: idan na'urar kowa iri ɗaya ce, kuma a kulle take, maguɗi yana wuya, wanda ya ci da gwaninta ya ci. Ga kuma batun kuɗi, wanda masu yabon kwamfuta suke yawan tsallakewa: kwamfutar da za ta ɗauki manyan wasannin zamani ta fi akwati tsada, wani lokaci ninki biyu ko fiye. Ƴancin da sai mai hali ke iya saye, dole a yi taka-tsantsan wajen yi wa talaka wa'azinsa.

Akwatin wasa, a taƙaice, masauki ne mai kyau. An share ɗaki, an shimfiɗa tabarma, an kawo ruwa. Baƙo ba ya damuwa da yoyon rufi ko gyaran katanga. Abin da kawai ba a yarda ya yi ba shi ne ya fasa bango ya buɗe taga inda yake so.

Kwamfuta ta bi wata hanya, kuma an san ranar da hanyar ta faɗaɗa. A watan Disamba na 1993, wani ƙaramin kamfani a jihar Texas mai suna id Software ya fitar da wasan Doom. Shekara guda kafin nan, masu kamfanin sun lura cewa mutane suna ta fama suna fasa wasansu na baya, Wolfenstein 3D, don su sauya hotuna da ɗakunan da ke ciki. Maimakon su ƙara kwado, sai John Carmack, wanda ya rubuta zuciyar manhajar, ya ware injin wasan gefe ɗaya, ya zuba hotuna da sautuka da taswirori a wani kundi dabam, yadda kowa zai iya maye gurbinsu ba tare da ya lalata injin ba. Dubban mutane suka shiga ƙera nasu filayen suna rarrabawa kyauta. A 1997 Carmack ya ƙara da abin da ƴan kasuwa da yawa suka ɗauka hauka ne: ya saki ainihin rubutun manhajar ga duniya. Fiye da shekara talatin ke nan da fitowar Doom, har yanzu ana ƙera masa sabbin filaye, alhali akasarin wasannin da suka fito tare da shi sai dai a gidan tarihi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ƙarfin hujja. A 1998 kamfanin Valve ya fitar da Half-Life tare da kayan aikin kwaskwarima. Shekara guda bayan haka, wasu samari biyu, Minh Le wanda yake ɗalibin jami'a a Kanada, da Jess Cliffe a Amurka, suka juya wasan ya koma fafatawa tsakanin rundunoni biyu, suka sa masa suna Counter-Strike. A 2000 Valve ya sayi aikin ya ɗauke su aiki, kuma zuriyar wannan wasa tana cikin waɗanda aka fi bugawa a kwamfuta a duniya. A 2003 wasu suka ɗauki wasan Warcraft III na kamfanin Blizzard suka zana masa taswira ɗaya mai dokokin kanta, wadda aka sani da DotA. Daga wannan taswira aka haifi League of Legends a 2009 da Dota 2 a 2013, kuma kyautar gasar duniya ta Dota 2 a 2021 ta haura dala miliyan 40. A 2012 wani ɗan ƙasar New Zealand, Dean Hall, ya yi wa wasan soja na Arma 2 kwaskwarimar da ya kira DayZ. A kan wannan kwaskwarima wani ɗan Ailan, Brendan Greene, ya ɗora tasa: a zuba mutane da yawa a fili ɗaya, filin yana ta ƙanƙancewa, har a bar mutum guda. Wannan dabara ce ta zama PUBG a 2017, kuma irinta ce ke cikin Fortnite da Free Fire. Yaron da ke zaune a bakin titi a Damagaram ko Maraɗi yana buga Free Fire a wayarsa, jikan kwaskwarima yake bugawa, ko da bai taɓa ganin cikin kwamfuta ba.

A nan ne gardamar take sauya kama. Masu kare akwati sukan ce, kuma gaskiya suka faɗa, cewa mafi yawan masu kwamfuta ba su taɓa yi wa wasa kwaskwarima ba, ba za su kuma taɓa yi ba. Saboda haka, in ji su, ƴancin da ake ta kururutawa ƴanci ne na tsiraru. Sai dai darajar ƴanci ba a auna ta da yawan masu amfani da shi. A gari guda maƙera ba su fi a ƙirga da yatsu ba, amma kowace gona tana cin albarkacin maƙera. Idan aka rufe maƙera bisa hujjar cewa mutum ɗaya cikin ɗari ne ke riƙe masaba, sauran casa'in da tara ba za su ji komai ba a ranar farko. Za su ji ne ranar da fartanya ta karye, ko ranar da ƙasa ta sauya aka bukaci sabon irin garma. Mai akwati da ke jin daɗin wasan da aka kawo masa a shirye, sau da yawa yana cin tuwon da aka tuƙa a murhun da ba a yarda a hura a gidansa ba. Manyan kamfanoni suna zuba miliyoyi a wasa ɗaya, don haka tsoron asara yana hana su gwada abin da ba a saba ba. Ɗalibin da ke ɗakinsa da dare ba shi da abin asara sai barci, shi ya sa sabuwar dabara take yawan fitowa daga wajensa.

To amma kada a yi wa maƙerar ado da abin da babu. Tana da hayaƙi, tana da ƙuna. Ƙofar da mai gyara ya shiga, ta nan ɓarawo ma yake shiga. A 2023 an gano wata muguwar manhaja da aka cusa cikin wasu kwaskwarimomin wasan Minecraft, tana satar bayanan sirrin waɗanda suka sauke su, kuma yara ne da yawa daga cikin masu wannan wasa. Masu maguɗi a gasar intanet da irin wannan ilimi suke aiki. Akwai kuma masu cusa batsa ko ƙiyayya cikin wasan da aka yi shi da tsabta. Labarin 2005 ma ya isa a yi tunani a kansa: wani ɗan Holan ya saki ɗan gyara ga wasan Grand Theft Auto: San Andreas wanda ya buɗe wani sashe na rashin kunya, aka yi ca a kan masu kwaskwarima, sai daga baya ta bayyana cewa kamfanin ne da kansa ya ƙera sashen ya bar shi a ɓoye cikin faifai, har a faifan akwati. Hukumar tantance wasanni ta Amurka ta mayar da wasan na manya zalla, shaguna suka janye shi. Mai kwaskwarimar bai kyauta ba da ya yaɗa abin, amma ba don shi ba da iyaye ba su san abin da ke kwance a cikin faifan da suka saya ba. In za a bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu.

Babban tabon kuwa yana wajen rabon amfani. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wasan Skyrim na kamfanin Bethesda ya fito a 2011 da kurakurai masu yawa. Masu sha'awa ne suka zauna shekara da shekaru suna toshe ɓarakar, suna ƙara garuruwa da labarai, dubun dubatar ayyuka, duk kyauta, kuma wannan aiki yana cikin abin da ya sa wasan ya ci gaba da sayuwa. A watan Afrilu na 2015, Bethesda da Valve suka buɗe hanyar sayar da waɗannan ayyuka, amma kashi 25 cikin ɗari kawai aka ware wa wanda ya yi aikin. Jama'a suka tayar da ƙura, wasu don rabon bai yi musu adalci ba, wasu don ba sa son a sa kuɗi a abin da suka saba samu a banza, cikin kwana huɗu aka janye tsarin. Abin lura shi ne, da aka janye, mai aikin ya koma samun sifiri. Kamfanin Blizzard kuma, wanda ya ga DotA ta tsiro a gonarsa wani ya girbe, da ya sake fitar da Warcraft III a 2020 sai ya rubuta a cikin yarjejeniyar amfani cewa duk taswirar da wani ya ƙera mallakar kamfani ce. Wato an bar maƙera a buɗe, an ba da gawayi da zugazugi, amma duk abin da aka ƙera na mai gida ne. Wanda ya kira wannan ƴanci cikakke bai duba da kyau ba.

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin Faransanci ya san tatsuniyar kyarkeci da kare, wadda La Fontaine ya buga a 1668. Kyarkeci ramamme ya haɗu da kare mai ƙiba, kare ya kwaɗaita masa rayuwar gida, har ya kusa yarda, sai ya hango inda sarƙa ta cinye gashin wuyan karen, ya juya da gudu. Masu kwamfuta suna son wannan tatsuniya, don suna ganin kansu a kyarkeci. Amma tatsuniyar ta yi wa karen rowa. Ba ta tambaye shi ko shi ya zaɓi gidan da idonsa a buɗe ba, ba ta kuma bi kyarkecin cikin daji ta ga yadda ya kwana da yunwa ba. Mutum mai hankali yana da damar ya ce: wannan fanni na rayuwata ba na son wahala a cikinsa, na miƙa shi ga wani. Kowa yana yin haka kullum. Wanda ya hau motar haya bai zama bawa ba don bai iya gyaran inji ba. Zaɓen sauƙi ba abin kunya ba ne, kuma raina mai akwati da wasu masu kwamfuta suke yi girman kai ne kawai da aka yafa wa rigar falsafa.

Inda tatsuniyar ta yi gaskiya shi ne a kan sarƙar kanta: tsawonta ba a hannun kare yake ba. Mai tunani Ivan Illich, a littafinsa na 1973 kan kayan aiki da zaman tare, ya raba kayan aiki gida biyu: waɗanda suke barin mai riƙe da su ya sa musu manufarsa, da waɗanda suke zuwa da manufarsu a ƙulle, sai dai mutum ya bi. Damuwarsa ita ce, idan kashi na biyu ya mamaye rayuwa, mutane sukan manta cewa sun taɓa iya yin abu da kansu, har bukatunsu ma sai an faɗa musu. Ba lallai a yarda da duk abin da Illich ya faɗa ba, amma tarihin akwatin wasa ya ba shi shaida. Lokacin da kamfanin Sony ya fitar da PlayStation 3 a 2006, ya yi tallar cewa ana iya ɗora mata tsarin Linux a yi amfani da ita kamar kwamfuta. Masu bincike suka saya don haka, har rundunar sojan saman Amurka ta haɗa guda 1,760 ta mayar da su babbar na'urar lissafi. A watan Afrilu na 2010, Sony ya aiko da sabuntawa ta intanet wadda ta soke wannan dama, bisa dalilin tsaro. Wanda ya ƙi karɓar sabuntawar ya rasa shiga dandalin wasa na kamfanin. Na'urar tana ɗakin mai ita, kuɗinsa ya biya, amma wani daga nesa ya miƙo hannu ya cire mata wani sashe. Da wani matashi, George Hotz, ya fasa kwadon ya bayyana yadda ake yi, Sony ya kai shi kotu a 2011, suka sasanta a wajen shari'a. Masu sayen da suka haɗu suka yi ƙara kuwa sai bayan shekaru suka sami ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ba kullum kotu take goyon bayan mai kwado ba. A 1992 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke hukunci a kan Nintendo, a shari'arsa da kamfanin Galoob mai sayar da wata ƴar na'ura, Game Genie, wadda ke barin yaro ya sauya dokokin wasa, kamar ya ƙara wa gwarzonsa rayuka. Kotun ta ga cewa wanda ya sayi wasa ya sauya yadda yake buga shi a ɗakinsa bai ci haƙƙin kowa ba. Sai dai a wancan zamani wasa abu ne da ake riƙewa a hannu. Yau galibi lasisi ake sayarwa, kuma lasisi zanen aro ne, ba ya rufe katara. Kamfanin Ubisoft na Faransa ya nuna haka a fili: wasansa na tseren mota, The Crew, wanda ya fito a 2014, ba ya aiki sai ya gaisa da kwamfutocin kamfani. A ƙarshen Maris na 2024 aka kashe waɗannan kwamfutoci, wasan ya mutu a hannun duk wanda ya saya, mai akwati da mai kwamfuta baki ɗaya. Wannan ne ya haifar da koken da mutane fiye da miliyan ɗaya suka sa wa hannu a Tarayyar Turai a 2025, suna neman a hana kamfanoni kashe wasan da aka riga aka sayar. Abin da ya bambanta ɓangarorin biyu ya fito ne bayan mutuwar: a 2025 wasu masu sha'awa suka ƙera abin da ya maye gurbin kwamfutocin kamfanin, wasan ya farfaɗo a kwamfuta. Mai faifan akwati kuwa faifansa ya zama abin kore tsuntsaye a gona.

Kamfanonin akwati sun fahimci cewa ana son taga, sun kuma fara buɗe ta da awo. A 2016 aka yarda masu Xbox One da PlayStation 4 su sauke kwaskwarimomin Skyrim. Microsoft ya ba da wuri mai ɗan yalwa. Sony ya fara ƙi, daga baya ya yarda bisa sharaɗin cewa ba za a shigo da komai daga waje ba, babu sabon hoto, babu sabon sauti, sai dai a jujjuya abin da ke cikin wasan tun asali. Baƙo ya sami izinin matsar da gado daga gabas zuwa yamma, amma ba zai shigo da kujerarsa ba. Daga ɗaya gefen kuma, Valve ya fitar da Steam Deck a 2022, na'urar hannu mai sauƙin akwati wadda cikinta kwamfuta ce a buɗe. Wannan ya nuna cewa sauƙi da kwado ba tagwaye ba ne da ba sa rabuwa. Ana iya share ɗaki a shimfiɗa tabarma, a kuma bar makulli a hannun mai ɗakin. Idan kamfani ya ce dole sai an kulle kafin a sami sauƙi, yana da kyau a tambaya ko sauƙin wa ake karewa, domin kamfanonin akwati suna karɓar kasonsu a kan kowane wasa da aka sayar, kuma kwadon ne ke tabbatar da wannan kaso.

Talaka ma yana da tasa hanyar, ko da ba ta da tsabta a idon doka. Wasan ƙwallo na kamfanin Konami, Pro Evolution Soccer, ya shahara da sunayen bogi, saboda rashin lasisi: a da Manchester United takan fito da sunan Man Red, Arsenal kuma North London. Masu sha'awa ne suke gyara sunaye da riguna. A Brazil, tun wajen 2007, wani mai shagon wasa ya fara fitar da kwaskwarimar da ake kira Bomba Patch a kan PlayStation 2, yana zuba ƙungiyoyin ƙasarsa da sabbin ƴan wasa, ana bugawa a akwatunan da aka fasa wa kwado. A nan kwaskwarima da satar fasaha sun cakuɗe, kuma bai kamata a rufe ido a kan haka ba: wanda ya kwafi wasa ya sayar ba tare da izini ba ya ci gumin wasu. Amma bai kamata kuma a haɗa su a turmi ɗaya a daka ba. Mai gyara abin da ya saya dabam, mai sayar da abin da bai saya ba dabam. Abin da labarin Brazil ya tona shi ne ƙishirwar da kasuwa ba ta gani: mutane suna son su ga kansu a cikin abin da suke wasa da shi, kuma idan ba a sa su ba za su sa kansu.

Wannan ƙishirwa ta fi tsanani a wajen harshe, kuma a nan maganar ta shafi malamai da ƙungiyoyin raya al'adu kai tsaye. Kamfani yana fassara wasa ne zuwa harshen da lissafi ya nuna zai mayar da kuɗi. Ko Ingilishi bai tsira daga wannan lissafi ba: Nintendo ya fitar da wasan Mother 3 a Japan a 2006 bai fassara shi ba, sai masu sha'awa ne suka yi aikin shekara biyu suka saki fassarar Ingilishi a 2008, kuma a kwamfuta suka yi aikin. Idan harshen da ya mamaye duniya ya taɓa tsayawa a bakin ƙofa yana jira, ina ga Hausa, wadda miliyoyin masu magana da ita ba su cikin lissafin masu sayen faifai? Da wuya wani babban kamfani a Tokyo ko Amurka ya zauna ya ce a fassara masa wasa da Hausa. In har za ta shiga, ta hannun masu ita za ta shiga, kuma sai inda aka bar ƙofa a buɗe. Akwai wasanni da aka gina su a kan wannan manufa tun daga tushe, kamar Luanti, wanda aka fara a 2010 da sunan Minetest aka sauya masa suna a 2024: wasan gini ne da tubala, kyauta ne, yana tafiya a tsohuwar kwamfuta, rubutun manhajarsa a buɗe yake, kuma ƴan sa-kai ne suke fassara shi. Ɗalibin lise da ya koyi ƴan layuka na harshen manhaja na Lua zai iya ƙara masa tubalin jar ƙasa, ko rumbu, ko zanen bango irin na Birnin Damagaram, ya sa wa kowanne sunansa.

Aikin fassarar ma yana da wani ɗan ƙaramin tarnaƙi da ya isa ya bayyana bambancin masauki da maƙera. Rubutun Hausa na boko yana da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, waɗanda yawancin wasanni ba su zo da su ba, domin ba a yi su da tunanin mai cewa ƙasa ko ɗaki ba. Mai fassara dole ya fara zana waɗannan haruffa ya cusa su cikin wasan, in ba haka ba ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata. A kwamfuta wannan aikin yini ɗaya ne ga wanda ya iya. A ƙarƙashin sharaɗi irin wanda aka gindaya wa Skyrim a PlayStation 4, harafin ƙ baƙon kaya ne da aka shigo da shi daga waje, kuma mai gadi ba zai bar shi ya wuce ba.